Saura Sati Uku Talala Ta Ƙare

Baba Gandu ya yi shekara talatin yana gadin daji, ya ga mushen dabba iri-iri, amma bai taɓa ganin ruwa ya yi fari fat da cikin kifi ba sai safiyar Talatar nan. Tafki uku ne a jere a bayan unguwa, kowanne ya kai faɗin tsakar gida. Duk ukun tarwaɗa ta rufe su, manya da ƙanana sun juya ciki sama. Warin maganin feshin gona ya cika wurin har yana sa ido ruwa.

Ya jingine kekensa da wayar shinge, ya tsaya riƙe da baki. Mutane sun yi dafifi, ba ka jin komai sai salati. Mai Kifi, mai tafkunan, na zaune a kan bokitin da aka kifa, ya tallafe hannunsa na dama da na hagu a kan cinya, yana kallon ruwan ko ƙiftawa ba ya yi. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, na tsaye a bayansa, idanunta sun kumbura sun yi jawur.

Sajen 'yan sandan da ya aika a kira Baba Gandu ya taho yana share gumi. "Baba, yau aikinka ba wuya. Ga sawu can kamar an buga hatimi."

"In ba wuya, me ya sa ka taso ni ban ko karya ba?"

"Takarda ce ke so. Alƙali zai tambaya ko masanin sawu ya duba."

Wani daga cikin taron ya ɗaga murya. "Wane dubawa kuma? Mai Walda ne! Duk unguwar nan wa ke da takalmi irin wannan?"

Nan take wuri ya ɗauka. Mai hali ba ya fasa halinsa, in ji wata. Dama laifin kotu ne da ta sako shi, in ji wani.

Baba Gandu ya san labarin, kamar yadda kowa ya sani. Shekara uku da suka wuce Mai Walda ya yi wa Mai Kifi ƙofar ƙarfe, gardama ta kaure a kan aikin, zuciya ta ɗebe shi ya ɗauki rodi ya sauke masa a kafaɗa. Tun daga ranar hannun bai ƙara motsi ba. Kotu ta yanke wa Mai Walda shekara huɗu. Da ya yi wata goma a gidan yari aka sako shi a kan ɗaurin talala na shekara biyu, sauran hukuncin na rataye a wuyansa. Shi kuma ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta tun wani haɗarin babur, shi ya sa ake ƙara wa ƙasan takalminsa na hagu tudu da robar taya.

Tsohon ya kori mutane baya da sandarsa, ya durƙusa. An yi ruwa jiya da yamma, ya ɗauke da magariba, ƙasa ta yi laushi. Sawun ya shigo ta inda waya ta ɓalle, ya bi bakin tafkunan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kowanne, ya wuce inda aka yar da jarkar maganin, ya hau kwalta ya ɓace. Zanen taya ya fito raɗau a kowane taku na hagu. Ya auna tsakanin taku da taku da sanda. Ya tura yatsa a ramin dunduniya, ya shafa wajen yatsu. Ya koma farko ya sake bi, har sau uku.

"Takalminsa ne?" in ji Saje.

"Takalminsa ne."

"Shi ke nan. Dama mun ɗauke shi a ƙofar gidansa tun ɗazu."

"Takalmi ka tambaye ni, Saje. Ban ce maka ƙafarsa ce ba."

Ya sa aka kawo kwanon rufi aka rufe sawun, ya hau kekensa.

*

Ofishin jami'ar da ke kula da masu talala ɗaki ɗaya ne a bayan kotu, da tebur da fanka mai kuka da durowar ƙarfe da ba ta rufuwa. Mutane na kiranta Madam Talala, sunan da ta tsana amma ya bi ta. Baba Gandu ya same ta da takarda a gaba, ta cike rabi ta ajiye biro.

"Baba, jikina ya yi sanyi," ta ce. "Sati ɗari da ɗaya mutumin nan yana zuwa sa hannu, bai taɓa fashi ba. Ran da zazzaɓi ya kayar da shi, a bayan babur aka kawo shi. Saura sati uku fa ya gama. Sati uku!"

"Wannan takardar ta mece ce, 'yata?"

"Ta neman a soke talalarsa. Jibi Alhamis alƙali zai zauna."

"Haka kawai ake sokewa?"

"A'a, sai da dalili. Babban dalili shi ne mutum ya aikata sabon laifi. Sai kuma karya sharaɗi. Shi an hana shi kusantar Mai Kifi ko gidansa ko gonarsa, an hana shi barin gari sai da izinina a rubuce. Ko fashin sa hannu ya yi ba uzuri, dalili ne. Ka ga in shi ya je tafkin nan, ya haɗa biyu a tafiya ɗaya."

"Ai sai an tabbatar."

Ta girgiza kai. "Abin da mutane ba su sani ba ke nan. Wannan zaman ba kamar shari'ar farko ba ne, da sai an kawar da duk wani kokwanto. Da ma mai laifi ne da aka yi wa sassauci. In alƙali ya ga alamu sun rinjaya, ya isa. Ga sawu, ga tsohuwar gaba, ga shi ya ƙi faɗin inda ya kwana. Zai koma ya ƙarasa shekara uku da wata biyu, kafin ma a fara maganar kifi."

"Ya ƙi faɗa?"

"Ya kafe. Na tambaye shi har na gaji."

Baba Gandu ya miƙe. "Ki bar sauran rabin takardar nan zuwa gobe da yamma."

"Ka ga wani abu ne?"

"Na ga abin da ban gane ba tukuna. Kin san in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Ba na son a bi tawa."

*

A caji ofis aka fito masa da Mai Walda. Ƙato ne, hannuwansa duk tabon wuta. Silifas ne a ƙafarsa, yana tafiya kafaɗarsa ta hagu na nutsewa tana tasowa kamar kwalekwale. Tsohon ya zuba wa tafiyar ido har ya zauna.

"Ina takalminka?"

"Yana wajen Shumeka tun ranar Lahadi, Baba, aika masa na yi. Robar ce ta fara ɗagowa."

"In ka sa shi kana ɗingishi?"

"Ko kaɗan. Ai amfaninsa ke nan."

"Jiya da magariba kana ina?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu.

"Ɗana, ni ba ɗan sanda ba ne. Ƙasa nake karantawa, ita kuma ba ta iya ƙarya ba. Ka taimake ni."

"Wallahi Baba ban je tafkin nan ba. Hanyar ma shekara biyu ban bi ta ba, zagaye nake yi ta kasuwa. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Ya ɗaga hannu zai share fuska, hannun rigarsa ya zame. A lanƙwasar gwiwar hannun akwai auduga manne da filasta.

"Wa ka ba jini?"

Mai Walda ya yi sauri ya ja rigar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ƙaton mutum sai ga shi yana hawaye kamar an kunna famfo. 'Yarsa ce, in ji shi. Tun da aka ɗaure shi matarsa ta koma gidan iyayenta da yarinyar, a wani gari mai tafiyar awa huɗu. Jiya da azahar aka bugo masa cewa mota ta buge ta, za a shiga da ita tiyata, ana neman jini, nasa ne ya dace da nata. Ya ruga ofishin Madam ya tarar da kwaɗo. Katin wayarsa ya ƙare, ya ari ta wani ya buga ya buga, ba a ɗauka ba. Sai ya hau mota.

"Ta farfaɗo?"

"Ta buɗe ido da tsakar dare, ta ce Abba. Na biyo motar dare na dawo, ina isa ƙofar gida suka kama ni." Ya dubi tsohon. "Ka gani, Baba? In na yi shiru, na kashe kifi. In na yi magana, na bar gari ba izini. Gaba kura, baya sayaki."

Baba Gandu ya gane abin da yake nufi. Shaidar da za ta wanke mutumin ita ce kuma za ta iya mayar da shi inda ya fito.

"Ba zan ɓoye wa Madam ba," ya ce. "Gara ka ji daga bakina."

*

Shumeka na zama ne a ƙarƙashin rumfar wani shagon kayan masarufi a bakin titi. Yana ganin tsohon ya nufo shi ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Ranka ya daɗe, na san an gaya maka na zagi Mai Kifi watan jiya. Na zage shi, ban musa ba. Cewa ya yi warin gam ɗina na korar masu saye. Amma zagi daban, guba daban!"

"Miƙo mini takalmin Mai Walda."

Ya zazzage buhu, ya zaro shi, sai ya yi turus. An wanke takalmin tas, cikinsa da sauran danshi.

"La ilaha! Ni dai ban wanke ba. Jiya na manna robar, na sa shi a buhu a bushe ƙayau."

Baba Gandu ya tura hannu can cikin hancin takalmin, ya zaro guntun takarda jiƙaƙƙiya da ta manne. An cusa wani abu a ciki, an cire, wannan ya maƙale.

"Ina buhun ke kwana?"

Shumeka ya nuna bayansa da babban yatsa. "Cikin shagon nan. Shekara shida nan nake ajiyewa."

"Shagon wa?"

"Na Mai Kifi mana. Shi da Maman 'Yan Biyu. In za su rufe in miƙa, da safe in karɓa."

Tsohon ya dubi shagon, yau a kulle yake da kwaɗo biyu.

"Wa ke da makulli?"

"Su biyun. Sai ni da nake da na ƙofar baya, saboda in sun makara."

"Gobe da la'asar ka zo bakin tafki. Kada ka ce wa kowa komai."

"Ni? Ai bakina ɗinke yake."

Kafin magariba rabin unguwa ta ji.

*

Ranar Laraba da la'asar an kwashe kifin an binne, amma warin na nan. Saje ya zo da Mai Walda da ankwa a hannu. Madam Talala ta zo da fayil. Shumeka ma ya zo. Mai Kifi da matarsa suka tsaya gefe guda, 'yan kallo kuma suka yi layi a bayan waya.

Baba Gandu ya sa aka yayyafa ruwa a wani fili kusa da tsohon sawun, aka share shi sumul, sannan aka ɗage kwanon rufin.

"Sa takalminka ka taka mini daga nan zuwa can," ya ce wa Mai Walda.

Ya sa, ya taka. Kafaɗunsa daidai, tafiya miƙe kamar soja.

"Ku matso ku gani. Ga nasa na yau. Hagu da dama zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, domin tudun nan cike masa gurbi yake yi. Yanzu ku dubi na shekaranjiya. Takun hagu gajere, na dama dogo, na dama kuma ya fi nutsewa, kamar mai faɗowa daga kan dakali. Wanda ya yi wannan ɗingishi yake yi. Mai Walda ba ya ɗingishi a cikin takalminsa. Wanda ƙafafunsa suke daidai, shi ne tudun zai sa ɗingishi."

Saje ya cire hula ya sosa kai.

"Shumeka, bismilla."

Shumeka ya sa yana karanto duk addu'ar da ya sani. Ya yi ɗingishi kuwa, amma tazararsa ta zarce ta tsohon sawun da kusan taƙi guda, hancin takalmin kuma ya tona ƙasa.

"Ba shi ba ne. A tsohon sawun hanci bai taɓa danna ƙasa ba, dunduniya ce ke ja. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi, har sai da aka cusa takarda." Ya juya a hankali. "Mai Kifi, ka yi haƙuri. Takalmin nan a shagonka ya kwana."

Mai Kifi ya zaro ido. "Ni? Baba, ni zan kashe kifina? Duk abin da na mallaka fa ke nan! Kawo, kawo in sa, kowa ya gani!"

Ya zauna a kan bokiti yana kokawa da takalmin da hannu ɗaya. Ya kasa jan wuyansa. Kamar yadda ya saba, ya ɗaga kai ya dubi matarsa don ta taimaka masa.

Ba ta motsa ba.

"Bar shi, Baban 'Yan Biyu," ta ce. Muryarta ba ta ko rawa. "Ba sai ka sa ba. Ni ma ba sai na sa ba. Ni ce."

Wata mata a bayan waya ta ƙwalla ƙara. Fayil ya suɓuce daga hannun Madam, takardu suka watse a laka. Baba Gandu da kansa, da ya kwana da zargin, sai da ya dafa sandarsa da hannu biyu.

"Ke?" in ji mijin. "Ke da kike ba su abinci da hannunki? Ke da kike tashi da asuba ki canja musu ruwa?"

"Ni ɗin." Ta nuna Mai Walda ba tare da ta dube shi ba. "Sati biyu da suka wuce ya bi ta tsallaken titi yana dariya da abokansa, ana ce masa ya kusa gama talala ya zama ɗan gari. Ni kuwa a lokacin ina ɓalle maka maɓallin riga. Shekara uku ni ke yi maka wanka, ni ke ɗaura maka wando. In kana kuka a bayi kana zaton ba na ji, ina ji. Shi saura sati uku ya gama nasa. Naka hannun saura sati nawa? Wane alƙali ne zai sake shi?"

"Sai ki kashe mana abinci?"

"Na je na tambaya. Aka ce mini ba a mayar da mai talala sai ya yi sabon laifi ko ya kusance ka. Na jira shekara biyu ya yi, ya ƙi yi. Da na ga takalmin a buhu, wallahi ban san lokacin da na ɗauka ba. Na ce kifi a sake sayo wasu." Sai a nan muryarta ta karye. "Da na zuba a tafkin farko suka taso, sun zaci abinci na kawo musu."

Ta durƙushe a laka ta rufe fuska da mayafi. Saje ya zaro makulli ya kwance wa Mai Walda ankwa, ya tsaya riƙe da ita, ya rasa yadda zai yi da ita.

*

Ranar Alhamis Madam Talala ta yaga takardar farko, amma ta cike wata. Barin gari ba izini karya sharaɗi ne, aikinta ne ta kai wa alƙali, ta kuma kai. Sai dai ta haɗa da takardar asibiti, da wayarta da ke nuna kira biyar daga baƙuwar lamba a ranar Litinin, lokacin tana cikin kotu ta kashe ƙara.

Alƙali ya ce sharaɗi ya karye, babu tantama, kuma doka ta ba shi ikon sokewa. Amma ta bar masa ya duba ko da gangan aka karya, da kuma ko mutum ya nemi hanyar da ta dace kafin ya karya. Bai soke ba. Ya ƙara wa Mai Walda wata uku a kan talalarsa, ya ba shi izinin zuwa duba 'yarsa duk ƙarshen mako. Maganar Maman 'Yan Biyu kuwa, mijinta ya ce ya yafe kifi, alƙali ya ce kifi nasa ne, amma shirya wa mutum sharri don a ɗaure shi ba nasa ba ne da zai yafe. Aka sa mata rana, aka ba da belinta.

Baba Gandu ya fito yana tura kekensa, ya tarar da Mai Kifi zaune a kan matakalar kotu yana jiran a gama cike mata takardu.

"Sannu da haƙuri," ya ce masa. "Da na san inda sawun nan zai kai ni, da na so a kira wani."

"Ba laifinka, Baba."

"Za ka mayar da ita gida?"

"In ba gida ba, ina?" Ya gyara hannun da ya mutu a kan cinyarsa, ya daɗe yana kallonsa. "Muna ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa tambayarta yaya take ba. Kullum ita ke tambayata. Shekara uku ina zaton ni kaɗai rodin nan ya samu."